Gashin ƙashi ta waya: kafin ka zargi likita, duba wayarka

Yau ba maganar cire kulle ko canjin sikirin za mu yi ba.

Kwanakin baya wani bawan Allah ya kawo min gyara, ma'aikaci ne a wani kamfanin roba a Sharaɗa. Inji ya matse masa hannu, an yi masa aiki, aka ce ya riƙa zuwa gashi sau biyu a mako. Duk zuwa sai kuɗin adaidaita sahu, ga asarar aikin wuni. Ya roƙi likitan gashin su riƙa yi ta kiran bidiyo, aka gwada sau ɗaya, likitan ya ce ba zai iya ba. Mutumin nan yana ta faɗa, wai wulaƙanci ne. Da na duba wayar, gilashin kyamara a tsage, ramin magana ya toshe da ƙura, memori ya cika maƙil. Wallahi ni ma da ba zan yarda ba.

Ka sa kanka a matsayin likitan. Aikinsa na hannu ne: ya taɓa, ya lanƙwasa gaɓa, ya ji inda ta ƙage. Ta waya ido kaɗai ya rage masa, idon ma ka ba shi hoto dishi-dishi mai tsayawa. In ya ce ka ɗaga hannu ka yi ba daidai ba, ciwon ya ƙaru, wa za a kama? Sannan mu faɗi gaskiya, yawancinmu in dai ta waya ce, gani muke kyauta ce. Datarsa, lokacinsa, lambarsa da za a riƙa kira tsakar dare, amma ba ko sisi. Data kuwa ta yi tsada tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025. A Amurka da Ostireliya abin ya kankama ne a 2020 lokacin korona, da gwamnati ta fara biyan kuɗin irin wannan ganawa.

Amma likitocinmu ma kada su rufe ƙofa. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023, mai fitowa daga Challawa ko Panshekara zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ya san abin da yake kashewa. Wanda ya gaza sai ya daina zuwa, gaɓa ta sandare. A ganina ganin farko dole ido da ido, amma bibiyar motsa jiki waya za ta iya ɗaukar wani kaso.

In likitanka ya amince, goge kyamara, in gilashin ya fashe a canja, ba shi da tsada. Jingina wayar a kan kujera, ka ja baya yadda gaɓar za ta fito gaba ɗaya, haske ya kasance a gabanka ba bayanka ba. Sa abin kunne, musamman in kana kusa da janareta ko ƙarar injinan Bompai. In sabis yana rawa, haƙura da kiran, ɗauki bidiyon minti ɗaya ka tura ta WhatsApp a matsayin fayil, don kada ingancinsa ya ragu. Mai shanyewar ɓarin jiki kuwa kada ya miƙe tsaye sai da wani a kusa. Mata, a yi magana tun farko kan wanda zai ga bidiyon, kuma a goge shi kafin a kawo mana gyara.

Ka tambayi kuɗin ganawar tun kafin a fara. In a wurin aiki ka ji rauni, tambayi kamfani ko suna biyan NSITF, domin dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da kuɗin farfaɗo da mai rauni.

Mutumina dai na canja masa gilashi, na share memori, ya ce zai sake tuntuɓar likitan ran Litinin.