Ya San RAM Ɗin Wayarsa, Bai San Baƙin Man Motarsa Ba

Duk wanda ya bi ta Sultan Road ko Alu Avenue a Nassarawa GRA da sassafe zai ga abu ɗaya yana maimaita kansa gida bayan gida: maigadi ko yaron gida da bokiti da soso, ana wanke mota, ana goge gilashi, ana shafa wa tayoyi mai har su yi ƙyalli. Kullum sai an yi. Amma bonet yakan yi wata uku ba a ɗaga shi ba, sai ranar da motar ta tsaya a tsakiyar Audu Bako Way tana fitar da tururi.

Abin mamakin shi ne mai motar nan ba baƙon na'ura ba ne. Ya san yawan RAM ɗin wayarsa, ya san lafiyar batirinta kashi nawa ce cikin ɗari, ba zai taɓa yarda a sa mata cajar bakin titi ba. Amma a tambaye shi wane irin baƙin mai aka zuba wa motar da ya saya da miliyoyin naira, sai ya ce a tambayi direba. Direban kuma zai ce a tambayi bakanike.

Wannan sakacin yana da sauƙin ɗauka lokacin da fetur ke da arha. Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma sake komawa inda take ba. Darajar naira ta faɗi, kayan gyara a Ƙofar Ruwa suka bi sahu. Yanzu motar da ke shan mai fiye da ƙima saboda wata 'yar matsala da ba a lura da ita ba tana cin kuɗin makarantar yara ne a hankali. Shi ya sa ya kamata mai mota ya iya duba motarsa da kansa, ko da ba zai taɓa riƙe sifana ba.

Mota ma kwamfuta ce

Tun shekarar 1996 doka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka ta zo da tsarin OBD-II, Turai kuma ta bi baya da motocin fetur a 2001. Ke nan kusan duk Corolla, Camry, Accord da Civic da ke yawo a Kano suna da wata kafa mai hakora 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ta nan kwamfutar motar, wadda kanikawa ke kira biren bos, take faɗin abin da ke damunta.

Akwai 'yar na'ura da ba ta kai girman akwatin ashana biyu ba, irin su ELM327, da ake jonawa a wannan kafa ta haɗu da waya ta Bluetooth. Da manhaja kamar Torque ko Car Scanner, mutum zai ga dalilin da ya sa fitilar Check Engine ta kunnu. Lambar P0300 na nufin wuta ba ta tashi daidai a silinda. P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa. P0420 na nufin matatar hayaƙin salansa, wadda ake kira indomi a gareji, ta gaza ko an cire ta.

A Kano an saba ganin fitilar nan a kunne shekara da shekaru, har wasu na cewa duk motar Balejiyam haka take. Ba haka take ba. Fitilar da ta daɗe a kunne saboda ƙaramar matsala ita ce ke ɓoye babbar matsala ranar da ta zo, domin babu wata fitila ta biyu da za ta kunnu. Idan kuwa ta fara walƙiya tana ɗaukewa tana dawowa, wannan gargaɗi ne na a tsaya, domin ɗanyen mai na shiga salansa.

Minti goma kowace Asabar

Sauran dubawar ba ta buƙatar waya ma.

Baƙin mai. A ajiye mota a wuri mai daidaito, inji a kashe na 'yan mintuna, a zaro sandar gwaji, a goge, a mayar, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamomin biyu. Sannan a karanta abin da aka rubuta a murfin da ake zuba man ko a littafin motar. Yawancin Toyota da Honda da suka zo daga Amurka suna neman 5W-30, 5W-20 ko 0W-20. Amma a wurin juye sau da yawa 20W-50 ake zuba wa kowa, da hujjar cewa garinmu da zafi. Injinan zamani suna da ƙananan hanyoyin mai, wasu sassansu ma da ƙarfin turin man suke aiki, man da ya yi kauri da yawa yana jinkirin isa gare su. Mai mota ya sayi mansa da filtarsa da kansa a wurin da ya amince da shi, ya tsaya a juye a gabansa, ya rubuta kwanan wata da lambar kilomita a wayarsa.

Ruwan lagireto. A duba robar da ke gefensa inji na sanyi. Ba a buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan zai iya tsartuwa ya ƙone fuska. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin tsatsa da dattin gishiri a ciki, kuma yana tafasa kafin ruwan sanyaya inji na ainihi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, wannan bambancin ne ke raba motar da ta isa gida da wadda ta tsaya a cunkoson Murtala Muhammad Way.

Iskar taya. Adadin da ya dace yana kan wata takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba, a ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 da 35 ne. Lambar da ke jikin tayar ita ce iyakar abin da za ta iya ɗauka, amma ita wasu masu faci ke bi, su dura 45 ko 50. Taya mai iska da yawa tana rage riƙon titi, mai ƙarancin iska tana ƙara shan mai tana kuma yin zafi har ta fashe. Ma'aunin iska na aljihu ya wadatar, a gwada da safe kafin a fita. A jikin tayar kuma akwai lambobi huɗu bayan rubutun DOT: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar Balejiyam mai kyan zane za ta iya zama ta shekara goma, kuma hanyar Kano zuwa Zariya ba wurin gwada ta ba ne.

Filtar iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na cika ta da wuri fiye da lissafin littafin motar. Buɗe akwatinta maɓallai biyu ne ko huɗu. A ɗaga ta a rana: idan haske ba ya ratsawa, a canza. Akwai wata kuma ta na'urar sanyi, yawanci a bayan aljihun gaban fasinja, wadda mutane da yawa ba su san da ita ba har sai sun biya kuɗin ƙarin gas a banza.

Batir. Mita irin ta masu gyaran waya za ta nuna kusan 12.6 idan batir ya cika kuma inji na kashe, sannan tsakanin 13.7 da 14.7 idan yana aiki. In bai kai haka ba inji na aiki, matsalar ta caji ce, sabon batir ba zai magance ta ba.

Inda ya kamata a tsaya

Kanikawa na da ƙorafi, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Sun gaji da mai mota da ya kalli bidiyo biyu a YouTube ya zo yana koya musu aiki. Lambar da na'ura ta nuna alama ce kawai, kamar yadda zazzaɓi ba shi ne sunan ciwo ba. P0171 zai iya zama tiyo ne ya tsage, ko famfon mai ya yi rauni, ko sensa ta yi datti. Wanda ya ruga Ƙofar Ruwa ya sayi sensa don ya ga sunanta a waya, shi ma canki-canka yake yi. Mafi muni shi ne mai danna maɓallin goge lambar ya ɗauka ya yi gyara. Birki, sitiyari, jakar iska, giya da batirin motoci masu haɗa mai da lantarki, duk aikin gwani ne, kuskure a cikinsu rai yake ci. Haka nan ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga.

Amma sanin mai mota ba ya rage wa bakanike na gari komai. Misali shi ne abin da aka daɗe ana yi wa motocin da suka shigo ƙasar nan: a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai na ƙasar sanyi ne. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In aka hana shi kaiwa nan, kwamfutar za ta ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ta ci gaba da ƙara masa mai. Mai motar da ke ganin zafin injinsa a waya, ko ya ga P0128, zai iya tambayar dalili. Bakaniken da ya san aikinsa zai amsa, aikin ma ya zo masa da sauƙi tunda an kawo masa bayani maimakon "tana wata ƙara". Wanda tambayar ke ɓata wa rai, dama can da kuɗin mai motar yake koyon aiki.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in yana ɗaga kai ya dubi rufin. Ranar Asabar mai zuwa, kafin yaro ya kawo bokiti, mai gida ya karɓi makulli ya ɗaga bonet da hannunsa.