Kafin ka sayi tukunya, fara duba murhunka

Da aka yi bikin ƙanwata bana, na ce ni ma bari in yi abin a zo a gani. Na saya mata murhun lantarki na indakshan, mai fuskar gilashi. Gwaggonninmu kuma suka jera mata setin tukwane 12 masu ƙyalli. Ranar da ta fara girki ta kira ni: "Yaya, abin nan da ka saya ya lalace, ƙara kawai yake yi." Murhun lafiyarsa ƙalau. Tukwanen ne duk na alminiyam, babu ko ɗaya da zai yi aiki a kansa.

Mu da muke bin sababbin na'urori ba ma sayen caja sai mun duba bakin wayarmu. Amma in aka zo kan tukunya, ido kawai ake bi. A ganina wannan kuskure ne da ke cin kuɗi, wani lokacin har ya taɓa lafiya.

Indakshan ba shi da wuta. Ƙarfin maganaɗisu yake aikawa cikin gindin tukunya, tukunyar ta yi zafi da kanta. Don haka sai gindin ya zama ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa. Gwajin ba shi da wuya: ka tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ne. Idan ya manne a gindin tukunyar, za ta yi aiki. Idan ya faɗo, bar ta. Ka kuma tuna yawancin waɗannan murhuna suna jan wuta kusan wat 2000, ƙaramin janareto ba zai ɗauka ba.

Idan gas ko gawayi kake amfani da shi, alminiyam ya fi saurin ɗaukar zafi da raba shi nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da sitenles. Shi ya sa tukunyar sitenles mai siririn gindi take ƙona shinkafa a tsakiya. In za ka saye ta, nemi mai kaurin gindi.

Sai dai alminiyam ɗin ma a duba asalinsa. Tukwanen da ake zubawa da narkakken tarkacen ƙarfe suna da arha da ƙarko, amma binciken da aka yi a Kamaru a 2014 ya gano gubar dalma na fita daga irinsu ta shiga abinci. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ne. Na san maƙera da yawa da wannan sana'ar suke ci, kuma ba kowa ke da kuɗin ta kamfani ba. Duk da haka, ko tukunya ɗaya ce, wadda ake dafa wa yara abinci ta cancanci a ƙara mata kuɗi.

Kaskon da abinci ba ya kamawa kuwa, na suyar ƙwai ne da makamantansa. Fentin Teflon ɗin da ke cikinsa yana fara lalacewa idan zafi ya wuce digiri 260, kuma cokalin ƙarfe yana kankare shi. Kada a bar shi a wuta babu komai a ciki, kada kuma a tuƙa tuwo a irinsa.

Shawarata ita ce a rage yawa. Babbar tukunya mai kauri ta tuwo, matsakaiciya ta miya, kasko ɗaya, sai tukunyar firesha don wake da ganda, domin tana rage lokaci da gas sosai. Huɗun nan sun fi setin 12 da rabinsu ke ƙarewa a kan kabad. Ƙanwata dai na koma kasuwa na saya mata biyu, da maganaɗisu a aljihuna.