Taj Mahal a cikin kwali: a buɗe a gina, a kuma tuna da namu

Akwai wata sha'awa da ta kama manya a ƙasashe da dama, wadda idan ka ba dattijon unguwa labarinta zai ce rashin aikin yi ne. Magidanci da gemunsa zai sayi kwali cike da ƙananan tubalan roba, ya zauna bayan sallar isha yana harhaɗa su, har Taj Mahal ko hasumiyar Eiffel ta tsaya a kan teburinsa. Ya ɗaga ya sa a kabad, wata mai zuwa ya shiga neman wani kwalin. Ina cikin masu wannan sha'awa, kuma ina ganin tana da amfanin da ya isa a kare ta a shafin jarida. Sai dai akwai abubuwa biyu da ke ɓata ta, dukansu kuwa a hannunmu masu tarawa maganinsu yake.

Kamfanin LEGO mai yin waɗannan tubalai, na garin Billund a ƙasar Danmak, wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ne ya kafa shi a 1932, da kayan wasa na katako ya fara. Tubalin roba mai 'yan ƙululu a sama da rami a ƙasa an yi masa rajista a 1958, kuma wanda aka yi a waccan shekarar har yau yana kama na bana ya riƙe gam. Shekara da shekaru yara ne galibin masu amfani da shi. A 2008 kamfanin ya haɗa kai da Adam Reed Tucker, wani masanin zanen gine-gine a birnin Shikago, aka fara jerin da ake kira LEGO Architecture da benaye biyu na birnin, Sears Tower da John Hancock Center, kowanne bai kai tubali ɗari ba. Daga nan aka shiga zagaya duniya: Burj Khalifa ta Dubai a 2011, agogon Big Ben na Landan a 2012, ganuwar Sin a 2018, fadar Himeji ta Japan a 2023. A gefe kuma ga manya-manyan kwalaye, irin na Kolosiyum na Roma mai tubali 9,036 da ya fito a 2020, da hasumiyar Eiffel ta 2022 mai tubali 10,001, wadda tsayinta ya kusa mita ɗaya da rabi.

Abin da ya riƙe ni a wannan harka shi ne yadda take koya wa ido kallon gini. Mu duka mun ga hoton Taj Mahal a kalanda da finafinan Indiya, mun san Sarki Shah Jahan ne ya gina shi a Agra saboda matarsa Mumtaz Mahal da ta rasu a 1631. Amma hoto fuska ɗaya yake nuna maka. Wanda ya zauna da kwalin 2021, mai tubali 2,022, zai ga yana gina fuska guda ya gama, littafin ya ce ya sake irinta, ya sake, ya sake, haka hasumiyoyin kusurwa huɗu, babu wadda ta fi 'yar'uwarta da ko ƙwaya ɗaya. A cikin wannan maimaici, lokacin da yatsu suka fara gajiya, mutum ke gane cewa kyawun ginin daga daidaito ya fito, cewa magina sun ɗaure kansu da awo ɗaya ta kowane ɓangare. An ce gani ya kori ji. A nan taɓawa ce ke ƙara wa gani ƙarfi.

Dalar Giza, wadda ta fito a 2022 da tubali 1,476, ita ce na fi so a ɗan abin da na tara. An yi ta kamar yadda masana ke jin take a zamaninta, shekara wajen 4,500 da suka wuce, lulluɓe da farin dutse mai santsi, ga kogin Nilu da jiragen ruwa a gabanta. Idan ka ɗaga rufin sai ka ga hanyar da ake jin an bi aka ja duwatsu zuwa sama, idan ka juya bayanta kuma ga hanyoyin ciki da ɗakin da aka tanada wa Fir'auna Khufu. Yaran gidana sun fi ni son ɗaga rufin nan, kuma tambayoyin da suke yi, su waye suka ja duwatsun, me suka ci, a ina suka kwana, sun fi waɗanda littafin tarihin makarantarsu ya tayar musu. Kwalin cocin Notre-Dame na birnin Paris kuwa, mai tubali 4,383, wanda ya fito a 2024, an tsara shi ne mai gini ya bi tarihin ginin daki-daki, ya fara daga ɓangaren da aka aza harsashinsa a 1163 ya yi ta zuwa har ƙololuwar da aka ɗora a ƙarni na 19, wadda gobarar 2019 ta cinye. Mutum zai tashi daga teburin ya san cewa babban gini aikin zuriya bayan zuriya ne, wanda ya aza tubalin farko bai ga ƙarshensa ba.

Nakan ji wasu na tambaya ko ajiye irin waɗannan a gida bai shiga hukuncin mutum-mutumi ba. Gini ba mai rai ba ne, kuma galibin jerin gine-gine ne zalla. Wanda siffar mutum-mutumin 'yanci na birnin New York ba ta kwanta masa ba, ya tsallake wannan kwalin, sauran sun ishe shi.

To, abu na farko da ke ɓata harkar shi ne masu saye su ƙi buɗewa. Kamfanin yakan daina yin kowane kwali bayan 'yan shekaru, farashinsa kuwa sai ya tashi a hannun 'yan kayi-nayi. Wani bincike da Victoria Dobrynskaya ta jami'ar Higher School of Economics a Mosko ta jagoranta, a kan farashin kwalaye tsakanin 1987 da 2015, ya nuna cewa darajarsu a kasuwar bayan fage tana ƙaruwa da kusan kashi 11 cikin ɗari a shekara. Tun daga irin waɗannan labarai aka samu mutanen da ɗakunansu cike suke da kwalaye a liƙe, suna tsoron ko kusurwa ta lanƙwashe. Wannan kamar mutum ne ya sayi ingarman doki ya ɗaure a turke, ba hawa ba kilisa, yana jiran ranar da farashin dawaki zai tashi. Kasuwanci halal ne, ban hana kowa neman riba ba, amma kada mai yin haka ya kira kansa mai son gine-gine, domin bai ga komai ba sai hoton bayan kwali. Kuma ribar ma ba tabbas gare ta ba. Babban kwalin Taj Mahal na 2008, mai tubali 5,922, ya yi tsadar da ta ninka kuɗinsa na asali sau da yawa, sai kamfanin ya sake fito da shi a 2017 da ƙarin tubali ɗaya tak, masu ɓoyo suka wayi gari kayansu ya faɗi.

Maganar kuɗi dole a faɗe ta a fili. Dalar Giza ta fito a kan dalar Amurka 130, Notre-Dame 230, babbar hasumiyar Eiffel 630. A canjin naira ko sefa na yau, ƙaramin cikinsu ya fi albashin wata na ma'aikata da yawa. Wanda bai biya kuɗin makarantar 'ya'yansa ba, ba shi da hurumin sayen waɗannan. Amma haƙƙin mallakar fasahar tubalin ya daɗe da ƙarewa, kamfanoni da yawa suna yin masu kama da shi a kan farashi mai sauƙi, kuma wanda ya iya tona dilar kayan wasa a kasuwar gwanjo yakan tashi da leda guda ta tubalai a kuɗi kaɗan. Ba za su zo da littafin Taj Mahal ba, sai dai wannan rashin littafi shi ne ya kawo ni ga abu na biyu, wanda ya fi damuna.

Ka jera duk abin da jerin nan ya fitar tun 2008, ka duba taswirar da yake zana maka. Amurka ta cika kabad, Turai ta cika, ga Sin da Japan da Koriya ta Kudu da Singafo da Dubai da Ostareliya. Daga nahiyar Afirka dalar Giza ce kawai. A cikin kwalayen da ke nuna birane da benayensu akwai Landan, Balin, Shangai, Tokiyo, Las Vegas, babu birnin Afirka ko ɗaya. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙiyayya ba, kamfani inda masu saye suke nan yake kallo. Amma yaron da ya tashi a gaban irin wannan kabad, a Kano ko Damagaram ko Kumasi, darasi yake ɗauka ba tare da kowa ya buɗe baki ba: ginin da ya isa a yi koyi da shi a ajiye a falo yana can ƙetaren teku. Mu masu tarawa mu ne muke koya masa haka da kuɗinmu.

Alhali ga babban masallacin Jenne a Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, ginin ƙasa mafi girma a duniya, wanda mutanen gari ke fitowa kwansu da kwarkwata duk shekara su yi masa yaɓe. Ga hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27, da itatuwa a jikinta da magina ke takawa idan za a yi gyara, a birnin da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Ga fadojin Gondar da cocinan Lalibela da aka sassaƙa daga dutse a Habasha, ga katangun Babbar Zimbabuwe da aka jera duwatsunsu ba tare da kwaɓi ba, ga dalolin Merowe a Sudan. A gida kuma ga Gidan Rumfa da ke tsaye tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ga hasumiyar Gobarau a Katsina, ga masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda bakan gizonsa da ɗaurin gugansa suka sa masana gine-gine na duniya suka yi ta zuwa awo. A watan Agustan 2023 wani ɓangaren masallacin ya rufta ana sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu. Ganuwar Kano kuwa, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, kowa ya san halin da take ciki: ruwa na zaizaya, masu haƙar ƙasa na ɗiba, masu gini na ci.

Kwaikwayon gini yana da rana a irin wannan hali. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Najeriya yana zana su, kuma daga aikinsa aka samu gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda aka sake gina masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano. Abin da aka auna aka zana, ko ya faɗi ana iya sanin yadda yake. Ƙaramin samfuri na roba ba zai tare ruwan sama daga bango ba, amma yaron da ya jera zanko a kan soro da hannunsa, ya sa indararo a inda ya dace, zai yi wuya ya girma ya ga ana rushe tsohuwar ƙofar gari ya wuce bai ji komai ba.

Za a ce ginin ƙasa ba shi da kusurwa mai kaifi, bangonsa kauri gare shi a ƙasa yana sirancewa a sama, tubalin roba kuwa murabba'i ne. Gaskiya ne, aikin ba sauƙi gare shi ba. Sai dai gidan waƙe-waƙe na Sidni, mai rufi kamar filafilan jirgin ruwa, an yi shi da waɗannan tubalai tun 2012. Wanda ya iya wannan lanƙwasa zai iya tulluwar soro. Mu da muka tashi muna yin mota da karan dawa da gidaje da yumɓu a bakin kududdufi, ba baƙi ba ne a wajen gina abu babu littafi. Shi kansa kamfanin ya taɓa fitar da kwali a 2013, Architecture Studio, mai tubali 1,210, farare da masu kama da gilashi, ba tare da umarnin gina komai ba. Akwai kuma manhajar Studio ta BrickLink, kyauta ce, mutum zai tsara gininsa a kwamfuta ta fitar masa da jerin tubalan da yake buƙata da matakan haɗawa. Har ila yau kamfanin yana da tsarin LEGO Ideas, inda duk tsarin da ya samu goyon bayan mutum 10,000 ake duba yiwuwar mayar da shi kwalin sayarwa. Ƙa'idar wannan tsari ba ta karɓar wuraren ibada, amma ƙofar fada da ganuwa da soro ba su shiga wannan hani ba, kuma mutum dubu goma ba su fi ƙarfin masu jin Hausa ba.

Don haka kirana ga 'yan'uwana masu tarawa: ku yage ledar, ku zube tubalan a faranti, ku kira yara su zauna kusa. Idan kun gama na littafi, ku ɗauki tef ɗin awo ku je ƙofar garinku, ku nemi Sarkin Magina ko wani tsohon magini ya nuna muku yadda ake ɗaura azara. Ɗalibanmu na sashen zanen gine-gine a Zariya da Kano da sauran jami'o'i kuma, ku tsara mana Ƙofar Nasarawa da hasumiyar Agadas da fadar Damagaram a tubalan roba, ku fitar da matakan haɗawa da Hausa, ku raba kyauta. Mu masu kabad za mu nemi tubalan mu gina.