Aikin da araha ta kawo, araha ce za ta ɗauke shi

Idan mutumin Faransa ya buga waya yana ƙorafin intanet ɗinsa ta tsaya, sau da yawa mai amsa masa yana zaune ne a Kasablanka, Tunis ko Dakar. Kamfanoni irin su Teleperformance sun daɗe suna kai wannan aiki inda albashi bai da tsada. A 2012 ministan Faransa Arnaud Montebourg ya matsa wa kamfanonin waya su maido ayyukan gida. A Amurka ma irin kukan da ake yi ke nan game da Indiya da Filifin.

Su kukansu an ɗauke musu aiki. Ni malamin makaranta ne, tambayata daban ce: wanda aka kai wa aikin, me ya samu?

Mu dubi Kenya. A Janairun 2023 mujallar Time ta bayyana cewa ma'aikatan kamfanin Sama a Nairobi, masu tantance munanan rubuce-rubuce don horar da ChatGPT, ba sa samun dala 2 cikakkiya a awa. A shekarar kuma Sama ta daina aikin tace Facebook, aka sallami ma'aikatan, magana ta kai kotu. Wanda aka ɗauka don ya fi araha, ranar da aka sami wanda ya fi shi araha, ko na'urar da za ta yi aikin, an gama da shi.

Indiya ta bi wata hanya. Tun 1951 ta buɗe babbar makarantar fasaha a Kharagpur, shekaru talatin kafin a kafa Infosys. Da ayyukan suka zo, sun tarar da injiniyoyi. Sundar Pichai, shugaban Google, a can ya yi karatu.

Mu a Nijar, ayyukan nan ba za su zo gobe ba. Kowa ya tuna duhun da muka sha a 2023 da Nijeriya ta yanke mana wuta. Wuta da intanet nauyin gwamnati ne. Aji kuwa yana hannunmu.

Dokar 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Na yi murna. Amma ina jin wasu iyaye suna cewa ai an huta da Faransanci ke nan. Iyaye, ku yi hattara. Yaro ya fara karatu da harshen uwa don ya fahimta, daga nan ya ƙware a harshen waje da lissafi. Ɗan Zinder da ya iya rubutu mai tsabta cikin harsuna biyu, ya kuma iya warware matsala da kansa, yana da bakin yin ciniki a kan albashinsa.

Mu malamai kuma, mu rage hadda. Abin da yaro zai haddace ya maimaita, kwamfuta ta riga shi iyawa. Mu riƙa tambayarsa dalili, mu ba shi lokaci ya yi bayani da bakinsa.