Wanda ya karanta kemistiri ba ragowar likita ba ne

Idan yaro a Tambuwal ko Kebbe ya nemi gurbin likitanci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo aka ba shi kemistiri, gidansu har jaje ake zuwa. Ni ina ganin wannan jajen kuskure ne, domin ƙwayar da likita ke rubutawa a kati, mai ilimin sinadarai ne ya haɗa ta.

Yawancin sinadaran magani suna da siffa biyu, kamar hannun dama da na hagu: yatsu iri ɗaya, amma ba sa hawa kan juna daidai. Jikin ɗan Adam yana bambanta su. Ɗaya na iya warkarwa, ɗayan ya zama bai da amfani ko ya cutar. Matsalar ita ce, idan aka haɗa sinadari a masana'anta ba da wata dabara ba, biyun ne ke fitowa rabi da rabi.

Dabarar ita ce katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗi ba tare da shi ya ƙare ba. Ku ɗauke shi kamar dillali a kasuwar dabbobi: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ya wuce ciniki na gaba. Gwanin katalis har zaɓar hannun da zai fito yake yi. Da irinsa William Knowles ya samar da L-DOPA, maganin ciwon karkarwa na Parkinson, aka ba shi kyautar Nobel a 2001 tare da Ryoji Noyori da Barry Sharpless. Kada a ɗauka abin na can nesa ne. Esomeprazole da masu olsa ke saya a kemis hannu ɗaya ne na omeprazole, kuma da katalis ake fitar da shi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne aikin Benjamin List da David MacMillan na shekarar 2000, wanda ya kai su ga Nobel a 2021. Knowles ya yi amfani da rodiyam, ƙarfe mai ɗan karen tsada. Shi kuwa List ya nuna cewa furolin, sinadari mai araha da ke cikin jikinmu ma, yana iya irin wannan zaɓe. Ke nan ba sai ƙasa mai tarin dukiya ce kaɗai za ta shiga fagen ba.

Mu fa? Akasarin sinadaran da kamfanonin maganinmu ke matsewa su zama ƙwaya daga Indiya da Sin ake shigo da su. Da Naira ta faɗi a 2023, shekarar da GSK ya sanar da rufe harkarsa a Najeriya, duk mai jinya a Kuchi ko Dogon Daji ya ji a aljihunsa.

Za a ce ina aikin yake idan yaron ya gama? Tambaya ce mai nauyi, kuma gaskiya ne da yawa a aji suke ƙarewa da alli. To amma masana'antar haɗa sinadaran maganin zazzaɓin cizon sauro da Emzor ya kama ginawa a Sagamu ma'aikata za ta ɗauka, kuma takardar kemistiri za ta tambaya. Ina roƙon masu ba da tallafin karatu a ƙananan hukumominmu biyu su ware wa wannan fanni gurbi da sunansa, kamar yadda ake ware wa likitanci da jinya.