Sharhi: Matan soja da marayunsu, wa ke tambayar hakkinsu yanzu?

Duk mai tebur ko rumfa a kasuwar Dakoro ya san irin cinikin da ake yi da matan ma'aikata. Mace ta ɗauki tiyar hatsi da mai da sabulu, a rubuta, in wata ya mutu albashi ya zo ta biya. Daga cikin masu wannan ciniki akwai matan soja da na jandarma da na gardi, waɗanda mazansu ke can Tillaberi ko Difa, ko kuma nan kudancin jaharmu wajen Madarunfa da Gidan Runji, inda ake farautar ɓarayin daji. Ranar da aka ce mai gidan ya kwanta dama a fagen daga, bayan gidan makoki, littafin bashin nan shi ne wuri na biyu da mutuwar ke isa. Shi ya sa muke ganin zancen hakkin iyalan sojoji bai tsaya ga mutanen bariki ba, ya shafi ƴan kasuwa kai tsaye.

Idan ba a manta ba, ranar 10 ga watan Disamba na 2019 aka kai hari barikin Inates, sojoji 71 suka rasa rayukansu. Wata guda bai cika ba, ranar 9 ga Janairu na 2020, aka sake kashe 89 a Shinagodar. An yi zaman makoki na kwana uku, an rufe mamatan Inates a sansanin sojan sama da ke Yamai, shugabannin ƙasashen Sahel sun zo sun yi addu'a. Bayan juyin mulki ma jinin bai tsaya ba: sojoji 29 a Tabatol cikin Oktoba na 2023, sannan 34 a Banibangu cikin Yuni na 2025. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma, gida ne, da mata, wani lokaci biyu, da yara, da tsohuwa a ƙauye wadda da ma ɗan nan ne ke aiko mata da kuɗin cefane.

A watan Nuwamba na 2020 majalisar dokoki ta zauna kan wata doka da aka ce an kawo ta ne domin kyautata rayuwa da aikin sojoji. A wannan zama ne ministan tsaro na lokacin, Farfesa Isufu Katambe, ya shaida wa ƴan majalisa cewa ana son ninka yawan sojan ƙasa daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara biyar. Wannan adadi shi ya fi yawo a gidajen rediyo. Amma duk ɗan kasuwa ya san in ka ninka kaya sai ka ninka wurin ajiya. Ƙasar da ta ninka sojanta a tsakiyar yaƙi ta san za ta ƙara yawan masu takaba da marayu, kuma hisabin da ya kamata ya fi tsayawa a bakin wakilan jama'a ke nan. A wannan shekara ta 2020 gwamnati ta kafa wani asusun wakafi domin magadan jami'an tsaron da suka rasu a bakin aiki. Tunani ne mai kyau, wanda ya dace da addininmu: a ajiye dukiya, a riƙa ciyar da marayu da ribarta. Abin tambaya shi ne yadda hannun matar da ke Kornaka ko Birnin Lalle zai kai ga wannan riba.

A nan ne gizo ke saƙa. Hakkin mamaci ba ya fitowa sai da takardu: takardar mutuwa, takardar aure, takardar haihuwar kowane yaro, da takardar zaman dangi da ake yi gaban alƙali a fitar da wanda zai karɓa a madadin magada. To, aure nawa aka ɗaura a ƙauyukan Dakoro aka je magajin gari aka rubuta? Yawanci goro ne da sadaki da shaidu, liman ya shafa fatiha, shi ke nan. Yara da dama ba a yi musu takardar haihuwa sai ranar da za a sa su lakwal. Ga kuma takaba, wata huɗu da kwana goma, lokacin da mace ba ta da halin yawon ofis, ba ta kuma da halin fita talla kamar da. Sau da yawa wani namiji cikin dangi ne ke ɗaukar takardun ya kama hanya, daga Dakoro zuwa Maraɗi, daga Maraɗi zuwa Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600 bayan ta farkon, da kuɗin mota da na masauki. Akwai masu amana cikinsu, Allah Ya saka musu. Akwai kuma waɗanda kuɗin ke narkewa a hannunsu kafin su iso gida, matar ba ta san nawa aka bayar ba balle ta nemi tumuninta, wanda in suna da kishiya ma raba shi za su yi. Cikin duk waɗannan watanni, mai tiyar hatsi da mai koko da mai tebur su ke riƙe da gidan, ba tare da kowa ya rubuta sunansu cikin kasafin kuɗin ƙasa ba.

Wannan matsala ta tsufa. Faransa, tana tsakiyar yaƙin duniya na farko, majalisarta ta yi doka ranar 27 ga Yuli na 1917 wadda ta mai da marayun yaƙi ƴaƴan ƙasa, gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsu da lafiyarsu. Amma ita wannan Faransa ce a 1959 ta daskarar da fanshon kakanninmu da suka yi mata yaƙi, ba a daidaita su da takwarorinsu Turawa gaba ɗaya ba sai 2011, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. A nan gida kuwa, boren da sojoji suka yi a Difa a 2002, zamanin Tanja Mamadu, kan albashi da halin zama ya taso. Sojan da ke gadin iyaka hankalinsa na gida, in ya ga yadda aka yi da iyalin abokinsa da ya rasu, ya san yadda za a yi da nasa.

Ba za mu ce tsohuwar majalisa ta fita kunyar matan soja ba. A 2020 ne binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya nuna kimanin miliyar 76 na sefa sun salwanta, wasu ta hanyar ƙarin farashi, wasu kuma kayan da aka biya ba a kawo ba, ko da yake daga baya hukumomin shari'a sun ba da adadin da bai kai haka ba. Waɗanda suka fi ɗaga murya a lokacin ƴan farar hula ne, kuma zanga-zangarsu ta 15 ga Maris na 2020 ta ƙare da gobara a kasuwar Tagabati ta Yamai, mutum uku suka rasu, rumfuna suka ƙone, aka kulle jagororin. Duk da haka, a wancan lokaci akwai dipite da mutanen Dakoro suka zaɓa, wanda ake iya tarewa wajen suna ko jana'iza a ce masa ga takardun wance sun kwanta, kuma yana da ikon kiran minista ya zo zauren majalisa ya amsa tambaya a gaban duniya.

Juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 ya rushe wannan majalisa. A watan Yuni na 2025 aka girka majalisar ba da shawara mai mambobi 194, ƙarƙashin jagorancin Dakta Mamudu Haruna Jingarai. Naɗa su aka yi, kuma aikinsu shawara ce, ba su da ƙarfin majalisar da jama'a ta zaɓa. Sai dai shawara ma tana da nauyi in an ba da ita a fili, kuma da wuya mahukuntan da su kansu sojoji ne su ce zancen marayun soja bai dame su ba.

Ƴan kasuwa na da bakin magana a nan fiye da kowa, domin da kuɗinsu ake yi. Tun Oktoba na 2023 aka kafa asusun haɗin kai don ceton ƙasa, aka sa dala biyu kan kiran waya da sayen intanet, dala biyu kan tikitin mota. Wa ya kai mai fatauci kiran waya da hawan mota? Hukumar asusun takan bayyana jimillar abin da ta tara, wannan abin yabo ne. Abin da ya rage shi ne hisabi na ƙasa-ƙasa, wanda mai sayar da daddawa za ta gane: a gundumar Dakoro iyalai nawa suka rasa mai gida a bakin aikin tsaro, nawa aka sallama, nawa ke jira, kuma tun yaushe.

Wakilan jahar Maraɗi a majalisar shawara na iya neman a buɗe teburi guda a ofishin prefe, inda mai takaba za ta kai takardunta a karɓa a ba ta shaida, su tafi Yamai ba tare da ita ko wani ɗan uwa ya bi su ba. Suna iya neman alƙali ya riƙa zama na musamman don tabbatar da auren da aka ɗaura a masallaci da haihuwar yaran mamaci kyauta, a kuma riƙa biyan kason mata da na yara da sunansu a hannunsu. Kafin babban kuɗin ya fito, a riƙa ba gidan wani abu duk wata har takaba ta ƙare. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata masu adashi a Dakoro su suka fi kowa sanin gidajen da abin ya shafa, unguwa-unguwa, suna iya tattara sunayen su miƙa wa sarki da prefe tun kafin zaman majalisar na gaba.