Sababbin manhajojin hasashen yanayi da jarrabawar daminar Sahel

Manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon yanayin duniya suna raba doron ƙasa gida-gida ne, tamkar gurabun dara. Faɗin kowane gida kan kai kilomita 100 ko fiye, amma shirin HighResMIP ya tsuke shi zuwa kimanin 25. An kuwa ga amfanin hakan, musamman wajen fito da mahaukaciyar guguwar teku da ruwan da ke sauka kan tsaunuka.

Ana tantance su ne ta hanyar sa su maimaita yanayin 1950 zuwa 2014, sannan a gwada da abin da aka auna a zahiri. A yankin Sahel, sakamakon da sauran rina a kaba. Galibin ruwan damina gagarumin hadari ne ke kawo shi daga gabas, da la'asar ko cikin dare, alhali manhajojin kan saki yayyafi tun tsakar rana. Ko gida mai kilomita 25 ya yi girman da ba zai nuna yadda hadarin ke haɗuwa ba.

Alƙalin ma yana da rauni, domin tashoshin awon ruwan sama sun yi ƙaranci a Afirka. A wasu lokuta kuma akan yi la'akari da wannan hasashe wajen tsara madatsun ruwa da magudanan birane.